Lemun Tsamin Sauda

Jibo bai taɓa dasa komai ba tun da uwarsa ta haife shi. In ka ba shi gatari ka nuna masa gawo, zai haye ya saro rassa shanu su ci, wannan kam ya iya. Amma a haƙa rami a sa abu a zauna ana jiransa, a wurinsa aikin manoma ne. Bafulatani ne, ko da yake Fulatancin ya kusa ƙare masa, ba ya tuno shi sai zai kira saniya ko zai yi zagi.

Duk shekara in an gama girbi, ɗari ya fara shigowa, sai ya sauko da shanunsa gonar Malam Ya'u, can bayan Karofi a ƙasar Dutsin-Ma. Shanu su ci kara da karmami, su bar wa gona taki, Malam ya aiko da damman gero. Haka iyayensu suka yi, haka su ma suka tarar. In abincin ya ƙare, sanyi ya fara ja da baya, sai a ɗaure kaya bisa takarkari a yi kudu neman ruwa da ɗanyar ciyawa. Ba a sake ganinsu Karofi sai wani girbin.

Shekarar da aka sauke tutar Bature ce tafiyar ta zo da gardama, kuma a kan wani ɗan itace da bai wuce gwiwar mutum ba.

Na Sauda ne, matar Jibo. Wata shekara ta yi tari mai nauyi, aka sayo mata lemun tsami a kasuwar Dutsin-Ma, ta matse ta sha da zuma, ta watsar da 'ya'yan bayan bukka inda take wanke ƙorai. Ɗaya ya tsiro. Ranar tashi ta ga ba za ta iya barinsa ba, ta tone shi da ƙasarsa ta sa a tsohuwar ƙwarya, ta ɗaure cikin kayanta. Matan ruga suka yi ta dariya, wai Sauda ta yi goyon tsufa. Ba ta kula su ba. Lemon nan ya je kudu ya dawo, ya sake zuwa ya sake dawowa. In ruwa ya yi wuya a hanya, daga na shanta take rage masa.

To bana saiwa ta tsaga ƙwaryar, ganye ya fara yin rawaya.

Akwai kuma wani abu da ba a faɗi a gidan. Gwiwar Sauda ta kumbura tun bara. A dawowar da suka yi, kullum ita ce a baya, tana dogara sanda, shanu su yi nisa har a daina jin kukansu ita ba ta iso ba. A wani rafi sai da aka ɗauke ta aka ɗora bisa takarkari kamar kaya, ta rufe fuska da zane don kunya. Ba ta taɓa cewa ƙafata ba. Shi ma Jibo bai taɓa tambaya ba. Ya gani sarai, ya sa a ransa sanyi ne, zai wuce.

Wata safiya suna jin wuta a ƙofar bukka, sanyi ya hana ko tatsa da wuri, sai ta ce, "Mai gida, abin nan ba zai kai kudu ba bana."

"Wane abin?"

"Ka san wane."

Ya waiga ya dubi ƙwaryar a jingine da bukka, an lulluɓa mata tsumma kamar jinjiri.

"A sake masa ƙwarya babba," in ji shi.

"Ba ƙwarya yake so ba. Ƙasa yake so. Ya gaji da tafiya."

Idonsa ya sauka bisa gwiwarta. Ta ja zane ta rufe. Ya tura kara cikin wuta.

Amma maganar ta zauna masa. Da hantsi ya yi, ya ɗauki gatarinsa, ya sungumi ƙwaryar, ya tafi tsakiyar gona inda shanu suka fi kwana, inda taki ya fi kauri. Ya sassari ƙasa ya yi ɗan rami, ya zaro lemon ya dasa, ya tattake da dunduniya. Ya dawo yana karkaɗe hannu kamar wanda ya gina masallaci.

"Ga shi can. Ya samu ƙasa."

Sauda ta ce, "Ka faɗa wa Malam?"

"Mi zan faɗa masa? Taki muke ba shi, yau mun ƙara masa da itace. Godiya ma zai yi."

"In mun tashi, wa zai ba shi ruwa?"

"Wa ke ba gawo ruwa?"

Ta dube shi, ta ɗauki ƙwaryar da ya yar, ta kife bisa bukka.

Ba a kwana biyu ba sai ga Rabo, ƙanen Malam Ya'u, bisa jaki zai je cin kasuwar Kurfi. Hanyarsa ta bi ta gefen gonar. Ya hango kore a tsakiyar fili, ya sauko, ya je ya tsaya a kansa, ya daɗe. Sannan ya ƙwala wa Jibo kira.

"Jibo, wa ya sa wannan?"

"Ni na sa. Lemo ne, na tsohuwa."

"Da izinin wa?"

"Itace ma sai da izini?"

Rabo ba mugun mutum ba ne, amma bakinsa ba ya zagaye. Ya ce, "Kai dai ka san shanu, ba ka san gona ba. Wanda aka ba aron ƙasa yana iya shuka gero, yana iya ɗaure shanu, yana iya kafa bukka. Itace ne ba ya dasawa. Wanda ya dasa, shi ke da wurin. Yau lemo ne ɗan mitsitsi. Gobe ba ni ba kai, jikanka ya tsaya gaban alƙali ya ce ga itacen kakana, gonar tamu ce. An yi haka a Dabawa, har yau gida biyu ba su gaisawa."

Jibo ya ji kamar an mare shi. "Ni zan ci maku gona? In yi mi da ita? In kora ta kudu?"

"Ban ce kai ba. Na ce na bayanka."

"Uban ubana ya ɗaure shanu a nan!"

"Ya ɗaure. Ka dubi filin nan, ka ga itace guda da ya bari? Shi ya sa har yau muke shiri." Rabo ya kama linzamin jakinsa. "Ka tone shi da hannunka. Ba na son in taɓa kayan mace."

Jibo ya tsaya yana huci har jakin ya ɓace. Da abin faɗa ne da ya yi, sandarsa na hannu. Amma ya san ba ƙarya Rabo ya yi ba, shi ne dai bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba balle ya sani.

Ya durƙusa ya tone. Sauda ta zo tana ɗingishi da ƙwaryar, ta tara, ya sa mata. Ta ɗaure tsagar da igiya, ta yayyafa ruwa, ta kai inuwa. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

Lemon bai ji daɗin wannan kai da kawo ba. Ganye ya langaɓe, wasu suka zube. Ga Manu, ƙanen Jibo da suke kiwo tare, ya zo yana cewa kara ya ƙare, shanu sun fara cin tsumma, in an sauko Juma'a ya kamata a ɗaure kaya. Jibo ya ce ya ji. Da ya shiga bukka ya tarar da Sauda ta fara haɗa ƙorai cikin raga, tana zaune, ƙafa ɗaya a miƙe don ba ta lanƙwasuwa. Ya fito bai ɗauki abin da ya shiga nema ba, ya kama hanyar fadama.

Lambun Malam Ya'u na can ƙasa, inda ruwa ke kusa. Duk duniya ta bushe, nan kawai ne kore: albasa jere a fangali, tumatir ya fara ja, 'yar alkama a gefe tana kaɗawa. Malam tsoho ne, yana da makarantar allo a gida, amma lokacin sanyi rabin yininsa a lambu yake. Jibo ya same shi ya yafa bargo, ƙafa cikin taɓo, yana jan jigo. Guga ya nutsa, ya taso, ya juye a rariya, ruwa ya bi fangali.

"A'a, ɗan Fulani! Satar albasa ka zo?"

"Wa zai ci abin da ke sa mutum kuka, Malam? Sai ku."

"Mu da ke ba ku gero kuna dama fura kuna zaginmu. Zauna."

Jibo ya zauna bisa kunyar fangali. Ya yi ta juya sanda, bai san ta inda zai fara ba. Malam ya rage masa wahala.

"Rabo ya faɗa mini. Kuma gaskiyarsa ce. Gonar nan gado ce, ba a raba ba. Ko na so in ce ka dasa, ba ni kaɗai ke da baki ba."

"Na sani. Ba roƙo na zo ba."

"To mi ka zo yi?"

Jibo ya ce, "Zai mutu ne, Malam."

Malam ya saki jigo ya zo ya zauna kusa da shi, yana dumama hannu cikin bargo. "Ba a hana mai gona ya dasa a gonarsa ba. In ni na kama shi da hannuna na sa a rami, gaban Rabo, nawa ne, ba mai magana. Ga tudun duwatsun can bakin gona, garma ba ta shiga, rijiya na kusa. Wurin itace ne."

Jibo ya ɗago kai.

"Tsaya, ban gama ba. Ni ba na dasa abin da na san mutuwa zai yi. Rani ne a gaba. Ƙaramin itace sai an ba shi ruwa kullum har damina ta zauna, sai an tsare shi daga awaki. Ni ga lambu, ga karatu, ga baya ya fara ba ni labari. Wa zai yi?"

Jibo ya ci gaba da juya sandarsa.

Malam ya ce, "Mai ɗakina Yahanasu ta gaya mini, ranar da mai ɗakinka ta kawo mata nono, ta zauna a tsakar gida ta kasa tashi. Sai da aka kama ta."

"Sanyi ne."

"Sanyi ne. To."

Malam ya tashi ya koma ga jigonsa. Guga ya nutsa, ya taso. Jibo na kallon ruwa yana bin rariya yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya.

"Shanu fa?" in ji shi, kamar da ruwan yake.

"Ba ka da ƙane?"

"Manu yaro ne. Bai san mashaya ba."

"Manun da furfura ta cika wa gemu?"

"Malam, tun da na iya tafiya ban taɓa kwana inda ba na jin numfashin shanu ba."

Malam ya ce, "Tudun nan zai ɗauki bukka, har da turken saniya ɗaya ko biyu. Ban ce ka zauna ba. Kai ka san gidanka. In ka yanke, ka aiko."

Da la'asar Jibo ya shiga cikin shanu. Ya bi su ɗaya ɗaya, yana shafa wuya, yana cire kaska, yana kiran kowace da sunanta. Akwai waɗanda shi ya jawo su daga cikin uwarsu da hannunsa. Manu na gefe yana kallo, ya gane akwai magana.

"Manu."

"Na'am, Yaya."

"Kai za ka kai su bana."

Manu ya dubi wajen bukka, inda Sauda ke zaune, ya sunkuyar da kai. "Da ma ina son in faɗa maka tun bara," in ji shi, "tsoron sandarka nake."

"Har yanzu tana hannuna. Ka bar mini jar nan da mai farin goshi, su ke da nono."

Faɗa wa Sauda ne ya fi masa wuya. Ya je ya tsaya a kanta, ya yi gyaran murya, ya dubi wani wuri dabam.

"Ke, kwance kayan nan. Gobe Malam zai zo ya dasa abin naki da hannunsa. Ya ce sai an yi ta ba shi ruwa har damina. Ni kuwa ba na barin aiki rabi."

Hannunta ya tsaya bisa igiyar raga. "Shanu fa?"

"Manu."

"Kai fa?"

"Ina nan."

Ta ce a hankali, "Za ka iya, mai gida?"

"Ban sani ba," in ji shi. Gaskiyar ke nan, ita ya faɗa.

Ta fara kwance igiyar. Ƙullin ya ƙi. Ya tsuguna ya kwance mata.

Washegari da rana ta ɗan yi ɗumi, Malam ya iso da dagi da wani tsohon tulu mai tsaga a gindi. Rabo na biye da shi, fuska ba yabo ba fallasa. Malam ya zaɓi wuri a tudun, inda dutse zai tare iska, ya fara haƙa. Bai yi nisa ba numfashi ya gaza masa. Rabo ya karɓi dagin ba tare da an ce masa ba, ya yi rami mai zurfi har gwiwa, ba irin ɗan ramin da Jibo ya yi da gatari ba.

Jibo kuwa, don kada a ce bai kawo komai ba, ya tafi ya ciko ƙwarya da kashin shanu ɗanye, mai tururi, ya kawo da alfahari.

Malam ya toshe hanci. "Kai! Dasa shi za mu yi ko dafa shi? Wannan ai ƙone saiwa zai yi, ya kira mana gara. Je ka kawo busasshe, na bara, wanda ya zama gari. Ka haɗo da toka."

"Ku dai ba ku san abu mai kyau ba," in ji Jibo, amma ya tafi.

Aka gauraya ƙasa da taki da toka. Don kada saiwar ta sake wahala, Malam ya ce kada a ja, a fasa ƙwaryar. Sauda ta karɓi dutse ta fasa da kanta, ta ɓare sakainar a hankali, ta miƙa masa lemon da hannu biyu. Malam ya yi bisimilla ya sa a rami, ya ɗaga murya.

"Ni Ya'u, ni na dasa wannan itace a gonarmu. Ku shaida."

"Mun shaida," in ji Rabo.

"Na shaida," in ji Jibo.

Rabo na mayar da ƙasa yana dannawa da tafin hannu, bai ɗago ba ya ce, "Itace namu ne. 'Ya'yan kuwa in Allah ya kai mu, mai ban ruwa ta tsinka. Ita ma wannan a shaida."

Malam ya yi murmushi cikin gemu. Ya binne tulun nan kusa da gindin lemon, baki kawai a waje, ya nuna masu: a cika shi, a rufe da dutse, ruwa zai riƙa tsattsafowa ta tsagar yana zuwa wa saiwa a hankali, rana ba ta shanye shi ba. Sauda ce ta zuba na farko. Ta zauna nan ƙasa tana jin tulun na shan ruwa, har su Malam suka yi sallama ba ta tashi ba.

Ranar Asabar shanu suka tashi. Jibo ya ce rakiya kawai zai yi zuwa bakin rafi. Tun daga gona yake ba Manu umarni: kada ya shayar a tafkin kaza, akwai tsutsa; bijimin nan baƙi a sa masa ido, yana da faɗa; in tsohuwar saniya ta gaza a jira ta, kada a doke ta. Manu na ta cewa to, Yaya, to. A bakin rafi Jibo ya tsaya. Shanu suka bi ta yashi suka haye. Tsohuwar saniyar ta juyo ta tsaya tana kallonsa, ta yi kuka. Ya daka mata tsawa da Fulatanci, muryarsa ta fashe a tsakiya. Ta juya ta bi sauran.

Ya tsaya har ya daina jin su. Sannan ya juyo, sanda bisa kafaɗa, ba abin korawa a gabansa. Bai san yadda ake tafiya haka ba, ƙafarsa sai sauri take tana rage wa kanta.

Yana hawowa tudun sai ya hango wata akuyar gari ta nufi lemon, wuya a miƙe. Sauda na jifarta da tsakuwa daga zaune, ba ta kai ba. Jibo ya kwasa da gudu yana ihu, ya wurga sanda, akuya ta yi tsalle ta bar wurin. Ya tsaya yana haki, ya duba. Ganye ɗaya ta samu.

"'Yar banza," in ji shi. "Masu dabbobin nan ba su da tsoron Allah."

Sauda ta rufe baki da zane, kafaɗunta na motsi.

Ya ɗauki gatari ya shiga jeji, ya dawo yana jan ƙayar magarya, ya koma ya sake jawowa. Ya kewaye lemon, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har ba a ganin kore sai an leƙa. Hannunsa duk ya yi jini, bai kula ba.

"Mai gida, ƙayar ta yi yawa," in ji Sauda. "Ta ina zan zuba ruwa?"

Ya dubi shingen, ya dubi ƙafarta da ke miƙe a rana. Ya ɗauki tulun ɗiban ruwa, ya juya shi yana neman yadda ake riƙewa.

"Ke zauna," in ji shi. "Ina rijiyar take?"